Yadda Ake Daidaita Ajin Gwarzon da Ka Ƙirƙira a Wasan Labari na Tebur

A wasan labari na tebur irin Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, kowane ɗan wasa yana riƙe da gwarzo guda, jagora yana jan labarin, dayis kuma shi ke yanke hukuncin ko sara ya ci ko bai ci ba. Azuzuwan gwarazan, wato nau'o'insu irin su mayaƙi da masihirci, da ke cikin littafin dokokin wasan daga tatsuniyoyin Turai aka ɗebo yawancinsu, don haka duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau, ya ga 'yan lifida da 'yan baka da 'yan tauri suna wucewa, ba zai daɗe yana wasan ba sai ransa ya biya masa ya ƙera nasa ajin. Ƙirƙirar ba ta da wuya. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen daidaitawa: aji ya fito da ƙarfi har sauran mutanen teburin su koma 'yan kallo, ko ya fito laƙwas har mai riƙe da shi ya gundura.

Duk lissafin da ke ƙasa na bugu na biyar ne, na 2014. Gyaran 2024 ya sauya wasu lambobi, amma hanyar awon ɗaya ce. Ginshiƙin dokokin yana intanet kyauta, kamfanin Wizards of the Coast ya sake shi ƙarƙashin lasisin Creative Commons a 2023. Ka sauke, ka kai shagon buga takardu a Samaru ko Kongo a fitar maka da shafukan azuzuwa kawai, domin za ka riƙa zane a kansu da biro. Za mu ɗauki Ɗan Tauri a matsayin misali daga farko har ƙarshe.

Ka fara tambayar ko ana ma buƙatar sabon aji

Rubuta ajin a jimla ɗaya: me yake yi a fagen fama wanda wani ba ya yi? "Mutum ne da ba ya sa sulke, kirari ke tsuma shi, ƙarfe ba ya cin jikinsa sosai, kuma yana karya zuciyar abokan gaba da tsawa." Yanzu duba littafi. Ajin Barbarian yana da fushin da ke rage masa rabin lahani, kuma shi ma ba ya buƙatar sulke. In abin da kake so suna ne da kamanni, to ka ɗauki Barbarian ka kira shi Ɗan Tauri, ka kira fushinsa tsuma, ka huta. In bambancin iko biyu ne ko uku, reshe, wato ƙaramin aji, za ka rubuta a ƙarƙashin ajin da ke akwai. Cikakken aji mai matakai 20 sai in salon wasansa ya bambanta tun daga tushe. Mafi yawan azuzuwan gida da ke lalata tebur rassa ne da aka tilasta musu zama aji, aka cike guraben da suka rage da iko barkatai.

In ka tabbata aji kake so, zaɓi azuzuwa biyu na littafi da suka fi kusa da shi, su zama ma'auninka. Ga Ɗan Tauri, Barbarian ne da Fighter, wato mayaƙi. Kamar mai sayen hatsi ne a kasuwar Sabon Gari: sai an yarda da mudun da za a auna kafin a fara maganar kuɗi.

Ƙashin ajin: kwafa za ka yi

Akwai abubuwan da duk azuzuwa suka yi tarayya a kansu, kuma ba a nan ake nuna basira ba. Ƙarin ƙwarewa, wato lambar da ake ƙara wa jifan dayis a abin da gwarzo ya ƙware a kai, +2 ne daga mataki na 1 zuwa 4, +3 daga 5, +4 daga 9, +5 daga 13, +6 daga 17. Ƙarin makin siffofi, irin su ƙarfi da juriya da hikima, yana zuwa a matakai na 4, 8, 12, 16 da 19. Mayaƙi ne kaɗai ke da ƙarin biyu, a 6 da 14, Rogue kuma, wato gwanin saɗaɗawa, ɗaya a 10. Sara na biyu a kamu ɗaya, wato lokacin da layi ya zo kan gwarzo, yana zuwa a mataki na 5, ba kafin nan ba. Reshe yawanci a mataki na 3, wasu azuzuwan kuma a 1 ko 2.

Dayis ɗin jini, wato yawan dukan da gwarzo ke iya sha, huɗu ne: d6, wato dayis mai fuska shida, ga masihirta, d8 ga matsakaita, d10 ga mayaƙa, d12 ga Barbarian shi kaɗai. Ba wa Ɗan Tauri d10. Jifan tsira kuma, wato jifan dayis don kauce wa cutarwa, kowane aji biyu ya ƙware a kai, ɗaya daga cikin manya uku da ake yawan nema, wato zafin nama, juriya da hikima, ɗaya kuma daga ƙanana uku, wato ƙarfi, kaifin ƙwaƙwalwa da kwarjini. Ɗan Tauri ya samu juriya da kwarjini. Kada ka haɗa masa manya biyu. A takarda abin ba ya da girma, amma a tebur za ka ga wuta da guba duk suna wuce shi suna faɗa wa abokansa. Fannonin ƙwarewa biyu sun isa. Huɗu rabon Rogue ne.

In ajinka yana sihiri, kwafi ɗaya daga cikin manyan jadawalai uku: cikakke, wanda ke da guraben yin sihiri 4, 3 da 2 na daraja ta ɗaya, ta biyu da ta uku a mataki na 5, rabi, irin na Paladin, mayaƙi mai ɗan sihiri, wanda ba ya kai sihirin daraja ta biyar sai a mataki na 17, ko sulusi. Cikakken jadawali ba ya haɗuwa da d10 da sulke mai nauyi da sara biyu a jikin mutum ɗaya.

Lissafin lahani

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata yawancin lokacinka. Matsakaicin kowane dayis shi ne rabin fuskokinsa da ƙarin rabi: d4 2.5, d6 3.5, d8 4.5, d10 5.5, d12 6.5. A mataki na 5, gwarzo mai maki 18 a babbar siffarsa yana da +4, a haɗa da ƙwarewa +3 ya zama +7. Dodon da ya dace da wannan mataki kariyarsa kusan 15 ce, ke nan sara yana ci in dayis mai fuska 20 ya nuna 8 ko sama, wato kashi 65 cikin ɗari. Da wannan kason za ka ninka komai. In dayis ya nuna 20 ana ninka dayis ɗin lahani, don haka ka ƙara kashi 5 cikin ɗari na matsakaicin dayis ɗin kowane sara.

Auna na littafi tukuna. Mayaƙi da babban takobi: 2d6+4, wato d6 biyu da ƙarin 4, ya ba da 11, sau biyu 22, a ninka da 0.65 ya zama 14.3, da ƙarin 0.7 ya kai 15. Rogue da siririn takobi da sarar sari-ka-noƙe ta 3d6: 4.5+4+10.5 ya ba da 19, bayan lissafi kusan 13. Warlock, wani ajin masihirta, mai harbi biyu na 1d10+4 da la'anar 1d6 a kan kowanne yana kai kusan 18. To ga zangonka: tsakanin 13 da 18 a kowane zagaye, wato kowa ya yi kamu ɗaya, a mataki na 5. Barbarian yana haura 24 in ya yi sarar ganganci cikin fushi, amma yana biya, domin duk wanda ya kai masa hari a wannan zagayen yana jefa dayis biyu ya ɗauki babba.

Yanzu Ɗan Tauri da gajerun takubba biyu. Sara biyu na 1d6+4 sun ba da 15, sarar hannun hagu 3.5 ba tare da ƙarin siffa ba, jimilla 18.5, bayan lissafi kusan 12.5. Ya yi ƙasa kaɗan, don haka akwai wurin ƙari. Abin da hannu ke saurin rubutawa shi ne "yayin tsuma, kowane sara yana ƙara 1d6". Lissafa: sara uku ne, 10.5 sau 0.65 da ɗan ƙarin ninki, ya haura 7, jimilla kusan 20. Ya wuce zangon, kuma bai biya komai ba. Sauya kalmomin zuwa "sau ɗaya a kowane kamu". Damar aƙalla sara ɗaya cikin uku ya ci kusan kashi 96 ce, ƙarin ya zama 3.3, jimilla kusan 16. Ya zauna daidai tsakiyar zango. Waɗannan kalmomi biyar su ne maganin rabin matsalolin lahani a azuzuwan gida, domin duk ƙarin da ke hawa kan kowane sara yana ninkuwa da duk wani abin da zai ƙara yawan sara nan gaba, ko daga sihirin aboki ko daga wani ajin.

Maimaita lissafin a matakai na 1, 11 da 17. A 11 mayaƙi yana samun sara na uku, Rogue ya kai 6d6, don haka naka ma yana buƙatar tsalle a wajen, misali 1d6 ya koma 2d6.

Ka yi rowar ƙarin lamba a kan dayis mai fuska 20. An gina bugu na biyar ne a kan lambobi su tsaya a ƙuntataccen zango, kuma kowane +1 kashi 5 ne cikin ɗari. Ikon da ke ba da +3 na dindindin ga hari ya ɗaga 65 zuwa 80. Jefa biyu a ɗauki babba yana ɗaga 65 zuwa kusan 88, amma ba ya taruwa: ko hanyoyi uku suka ba ka shi, ɗaya ne. Wannan ya sa ya fi aminci a bayar da shi, da sharaɗi, fiye da lamba tsura.

Taurin kansa

Rubutun farko kusan kullum cewa yake "ƙarfe ba ya cin sa sam". Wannan ya dace da kirari, amma a tebur yana kashe wasa. Yawancin abokan gaba a ƙananan matakai takobi da mashi da kibiya suke riƙewa, sai jagora ya rasa yadda zai yi: ko ya bar Ɗan Tauri yana yawo ba mai taɓa shi, ko ya mayar da kowane faɗa na masu wuta da guba, waɗanda kuma sauran 'yan wasa ne za su sha wahalarsu.

Mayar da shi rabin lahani, ka iyakance iri, lokaci da adadi. Yayin tsuma, sara da suka suna yi masa rabi. Duka da gora ko kulki yana shiga cikakke, kuma wannan ya yi daidai da abin da ake faɗa a gari, cewa maganin ɗan tauri sanda. Tsuma tana farawa da ƙaramin aiki, wato ɗan aikin da ake ƙarawa kan babban aikin kamu, tana ɗaukar minti ɗaya, wato zagaye goma. Sau 2 kafin dogon hutu a mataki na 1, sau 3 a mataki na 3, sau 4 a mataki na 6, kamar fushin Barbarian.

Auna shi da jini. A mataki na 5 da juriya +2, mai d10 yana da 44, mai d12 yana da 50. Rabin lahani yana mayar da 44 tamkar 88 a gaban masu kaifi kawai, alhali Barbarian tamkar 100 ne a gaban sara da suka da duka baki ɗaya. Ɗan Tauri ya gaza shi a juriya, ya gaza shi a lahani, kuma da gangan aka yi haka: wannan giɓin shi ne kuɗin da za ka sayi tsawar da ita ce ainihin ajin. Kariyarsa ba tare da sulke ba 10 ce da zafin nama da juriya, 15 a farko, 16 a mataki na 5. Kada ka bari ta haɗu da sulke. Mai sulken farantin ƙarfe da garkuwa yana da 20, in ka ɗora masa rabin lahani babu abin da zai kayar da shi.

Tsawa, da rabon ayyuka a kamu

Kowane kamu yana da babban aiki ɗaya, ƙaramin aiki ɗaya, tafiya, sai martani ɗaya a zagaye. Jera duk ikon ajinka ka rubuta wanda kowanne ke ci. Ɗan Tauri yana da abu uku da ke neman ƙaramin aiki: fara tsuma, sarar hagu, da tsawa. Wannan cunkoson alheri ne in bai wuce uku ba, domin yana tilasta zaɓi, kuma yana rage lissafin da muka yi: a zagayen farko babu sarar hagu. Yawancin faɗa zagaye uku ne zuwa huɗu, don haka zagaye ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Abin gudu shi ne iko mai ƙarfi da ba ya cin kowane aiki.

Rubuta tsawar haka: da ƙaramin aiki, yayin tsuma, ka zaɓi halitta ɗaya da ke jin ka cikin ƙafa 30, ta yi jifan tsira na hikima a kan 8 da ƙwarewarka da kwarjininka, in ta faɗi, tsoro ya kama ta har ƙarshen kamunka na gaba, in ta tsira, tsawarka ba ta sake kama ta sai bayan awa 24. A mataki na 5 da kwarjini 14 lambar 13 ce. Lura da abin da jimlar ta amsa: wa, da wane aiki, nisa nawa, wane jifa, har yaushe, sau nawa. Duk ikon da ya bar ɗaya daga cikin waɗannan a buɗe, gardama ce ka ajiye wa ranar wasa. Kuma duk abin da ke hana dodo motsi ko kamu gaba ɗaya dole ya kasance da jifan tsira da adadi kaɗan. Tsoro yana rage wa dodo iya hari da jifan gwada iyawa, yana kuma hana shi matsowa kusa da kai, amma ba ya ƙwace masa kamu, shi ya sa za a iya sake masa hannu.

Akwai wani farashi da ba a gani: ajin yana buƙatar siffofi uku, zafin nama da juriya da kwarjini. Jerin maki na littafi 15, 14, 13, 12, 10, 8 ne, ba za a iya cika ukun ba. Kada ka ji tausayi ka ce kwarjini ya riƙa yin hari da kariya da tsawa duka.

Hutu, da ranar da teburinku ke yi da gaske

Littafin jagora ya ɗauka cewa rana ɗaya a cikin labari tana da faɗa 6 zuwa 8 da gajeren hutu biyu, kowanne na awa ɗaya, kafin dogon hutu na awa takwas. Ɗaliban da ke haɗuwa ranar Asabar tsakanin la'asar da magariba ba sa kai haka. Faɗa ɗaya ko biyu ne, sai a kwanta barci a cikin labarin. A irin wannan tebur tsuma uku a rana daidai take da tsuma kullum, iyakar da ka sa ba ta aiki. Ƙirga faɗan da kuke yi tsakanin dogon hutu biyu a zama huɗu da suka wuce. In bai wuce biyu ba, ka auna ajin a matsayin wanda ikonsa a kunne yake koyaushe, ko jagora ya daina ba da dogon hutu a ƙarshen kowane zama.

Sai masu tsoma ƙafa. Doka ta yarda gwarzo ya ɗauki mataki ɗaya a wani aji in yana da maki 13 a siffar da ake nema. Tambayi kanka: in mayaƙi mai sulke ya ɗauki mataki ɗaya na Ɗan Tauri, me ya kwasa? Toshe ƙofar da sharaɗin cewa tsuma ba ta aiki da sulke, ka ɗaure girman kowane iko da matakin wannan ajin, ba da ƙarin ƙwarewa ba, domin ƙwarewa tana hawa ne da jimillar matakai ko a wane aji aka same su. Tsawa ta jira mataki na 2 ko 3.

A wajen faɗa ka ba shi abu ɗaya ko biyu marasa nauyi: ƙwarewa wajen tsoratarwa, sanin 'yan farauta da makaɗa a kowane gari, samun masauki a wurinsu. Kada ya fi Rogue iya saɗaɗawa ko ya fi Bard, wato mawaƙi, iya baki.

Gwaji

Rubuta matakai 1 zuwa 10 kawai da farko. Zangon karatu kan ƙare kafin yawancin labarai su wuce nan. Gina gwarzon a mataki na 3, ka gina Barbarian da mayaƙi da jerin maki iri ɗaya, ka sa kowanne shi kaɗai a faɗa biyu. Na farko da goblin uku, wato ƙananan dodanni: kariya 15, jini 7, +4 ga hari, 1d6+2 na sara. Na biyu da ogre guda, wato ƙaton dodo: kariya 11, jini 59, +6 ga hari, 2d8+4 na duka da gungumen kulki. Ya kamata Ɗan Tauri ya yi fice a na farko, ya sha wuya a na biyu. In ya ci duka biyun cikin sauƙi, akwai abin da ya yi yawa. Kowane faɗa a yi shi aƙalla sau biyar, domin jifa ɗaya ko biyu sa'a ce kawai suke nunawa. Dayis ɗin ludo ya isa d6, sauran kuwa akwai manhajojin waya da ke jefa su ba tare da data ba.

Daga nan a kai shi tebur, kuma a ba wani ya riƙe, ba kai da ka rubuta ba. Kai ka san abin da kake nufi, shi kuwa abin da ke takarda zai bi, kuma in mai neman kafa ne ya fi kyau. Faɗa wa kowa tun farko cewa ajin gwaji ne, za a iya taɓa lambobinsa tsakanin zama da zama, ba a tsakiyar faɗa ba. Riƙe takarda mai layi huɗu ga kowane gwarzo: lahanin da ya yi, wanda ya sha, sau nawa ya faɗi, da minti nawa kamunsa ke ci. Layin ƙarshen yana kama cutar da lissafi ba ya gani. Ajin da lambobinsa daidai suke amma kamunsa na cin minti biyar saboda jifa shida da sharuɗɗa huɗu ya cinye rabon mutane uku, kuma za ka gane haka in wayoyi suka fara fitowa daga aljihu duk lokacin da layi ya zo kansa.

Bayan zama uku ka sauya abu ɗaya tak, ka sake gwadawa. In ka taɓa uku a lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. In ajin ya yi ƙarfi, fara rage adadin amfani ko tsawon lokaci kafin ka taɓa ikon kansa: tsuma daga uku zuwa biyu ta fi sauƙin haɗiya ga ɗan wasa fiye da a ƙwace masa tsawa. In kana shakka tsakanin lambobi biyu a rubutun farko, ɗauki ƙaramar, domin ƙari ba ya jawo rigima a tebur yadda ragi ke jawowa. Sa lamba da kwanan wata a saman kowane gyara, ka tura wa jagora da mai riƙe da ajin kwafi ɗaya a WhatsApp kafin ranar wasa, a goge tsohon.